Babu Rezo Ne Ko Babu Soyayya? Ɗan Faransancin Da Zai Raba Ki Da Zargi

  

A wannan fitowa ba zancen girki zan yi ba, ba kuma na kishiya ba. Karatu na zo mana da shi, kuma karatun Faransanci. Na san wata tana jin haka za ta taɓe baki ta ce, "Ke kuma wace irin kinibibi ce wannan? Turancin Ingilan ma yaya muka ƙare da shi?" To 'yar'uwa ki dakata ki ji. Ba cewa na yi mu koma aji ba. Kalmomi ne da ba su kai talatin ba, dukkansu a kan abu guda suke, wato ƙarfin intanet da saurinsa a waya. Wallahi na ga auren da rashin sanin waɗannan 'yan kalmomi ya kusa girgizawa, shi ya sa na ce ba zan yi shiru ba.

Dalili kuwa shi ne, kaɗan ne gidan da za ki shiga a ƙasar Hausa ba ki sami mai dangi a Nijar ba. Wata 'yarta aka kai Maraɗi, wata mijinta ke fatauci a Damagaram, wata saurayinta yana karatu a Yamai, wata ɗanta ya tafi neman arziki Agadas. Ni kaina Yayata a Maraɗi take aure. In za a je mata daga nan sai a bi ta Funtuwa a shiga Katsina, a wuce Jibiya, a tsallaka iyaka ta Ɗan Isa, sannan a isa. Magabata sun ce zumunci a ƙafa yake, amma yau rabin zumuncinmu a waya yake. Mun ga haka ƙarara bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yuli 2023, lokacin da aka rufe iyaka, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai a Maris 2024. Duk tsawon watannin nan, haihuwa da rasuwa da ɗaurin aure ta waya aka riƙa jin su.

Mu mutanen Birnin Gwari kuwa ba sai an ba mu labarin rashin sabis ba. A ƙarshen Satumba 2021 aka rufe layukan waya a yankinmu da wasu ƙananan hukumomin Kaduna saboda matakan tsaro, ba a sake su ba sai ƙarshen Nuwamba. Wata biyu cur waya ta zama tocila da agogo. Mai son sanar da 'yan'uwa wani abu sai ya ba direba saƙo a takarda, kamar zamanin kakanninmu. Alhamdu lillahi, tun sulhun da aka yi a ƙarshen 2024 aka sake buɗe kasuwar kara, gari ya ɗan numfasa. Amma darasin da na ɗauka a wancan lokaci shi ne, shirun waya ba kullum yake nufin shirun zuciya ba.

To ina Faransanci ya shigo? Ai mutanen Nijar Hausa suke yi kamar mu, har ma a 2025 hukumomin ƙasar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Gaskiya ne. Sai dai in zance ya zo kan waya, bakinsu da Faransanci ya saba, kamar yadda namu ya saba da Ingilishi. Mu mu ce sabis ko natwok, su su ce rezo. Mu mu ce data, su su ce forfe. Saƙonnin da kamfanonin waya na can suke turowa, irin su Airtel da Moov da Niger Telecom da Zamani wanda a da ake kira Orange, mafi yawa da Faransanci suke zuwa. Amaryar da aka kai daga nan, ranar da aka sa mata sabon layi mai farawa da 227, ranar za ta gane ta shiga wata duniya.

Bari in fara da kalmomi uku, su ne murhun girkin. In kin riƙe su, sauran duk mai sauƙi ne.

Ta farko réseau, ana faɗinta rezo. Shi ne sabis ɗin kansa, 'yan sandunan nan da kike gani a saman waya.

Ta biyu débit, ana faɗinta debi, ba a furta harafin ƙarshe. Shi ne saurin intanet.

Ta uku forfait, ana faɗinta forfe. Shi ne datar da kika saya da kuɗinki.

Ki ɗauka famfo ne a tsakar gidanki. Rezo shi ne an ja miki bututu har gida. Debi shi ne ƙarfin ruwan da ke zubowa, ko yana shatata ko yana ɗigowa ɗis-ɗis. Forfe kuwa yawan jarkokin da kika biya kuɗinsu ne. Kin ga kenan ana iya samun bututu lafiya lau amma ruwa na ɗigo, wato rezo a cike amma debi ba ƙarfi. Ana kuma iya samun ruwa na shatata amma jarkokinki sun ƙare. Matsala uku ce daban-daban, kowace da maganinta, amma mu duk sai mu haɗe su mu ce, "Ya ƙi ɗaga wayata."

Yanzu ga jimlolin da za ki fi ji, ko ki fi gani a rubuce.

Il n'y a pas de réseau. A baki sukan gajarta su ce ya pa rezo. Ma'ana babu sabis.

La connexion est lente. La koneksiyon e lant. Intanet na tafiyar hawainiya. Kishiyar lente ita ce rapide, mai sauri.

Ça coupe. Sa kup. Yana katsewa.

Mon forfait est épuisé. Mon forfe e tepuwize. Datata ta ƙare.

Je ne t'entends pas bien. Je ne tantan pa biyan. Ba na jin ki sosai.

Rappelle-moi. Rapel muwa. Sake kira na.

Ça rame. Sa ram. Wannan ta 'yan zamani ce. Asalin kalmar tuƙa kwale-kwale ne, wato waya na ta faman tuƙi ba ta isa gaɓa ba.

Wannan ta ƙarshen ta taɓa ba mu dariya a gidanmu. Wata ƙanwata da muke 'yan maza zar da ita, an sa mata rana da wani ɗan Maraɗi da ke karatu a Yamai. Ta turo masa hoton lallen da za a yi mata, shiru bai ce komai ba, can da dare sai ga saƙo, "Yi haƙuri, ça rame ici." Sai ga ta a ɗakina ido ya yi ja.

"Yaya, kin ga wai ya rame. Wallahi ba shi da lafiya yake ɓoye mini."

Na karɓi wayar na duba, na ce, "Ke dai Allah ya shirye ki. Ba shi ne ya rame ba, intanet ɗinsu ne ke ja da ciki. Hoton naki ne bai buɗe ba."

Ta ce, "To ai da ma na san ba zai rame a kaina ba."

Na ce, "Au, ramar kike so kenan?" Inna da ke tsakar gida tana tankaɗe sai da ta ajiye rariya don dariya.

Wannan abin dariya ne. Ga kuma wanda ba na dariya ba. Wata baiwar Allah a nan unguwarmu, mijinta na kai kaya arewacin Nijar, yakan yi wata biyu bai dawo ba. Yaronta ya kwana da zazzaɓi mai zafi, ta kira ba ta shiga, ta tura saƙon murya har bakwai, kwana uku ba amsa. Maƙwabta kuma kun san mu da ƙara gishiri, wata ta ce ai mazan da ke zuwa can duk suna da ajiya. Kafin ka ce kwabo ta haɗa kaya ta yi yaji. Rana ta huɗu da ya shigo gari mai sabis, saƙonnin suka faɗo masa gaba ɗaya, hankalinsa ya tashi, ya rubuto mata rabin Hausa rabin Faransanci yana cewa kwana uku suna hanyar sahara pas de réseau. Ita kuma ba ta san me kalmar ke nufi ba, har ta ce sunan wata ce. Sai da manya suka shiga tsakani aka sasanta. Ku duba fa, kalma ɗaya tak. Ba banza ba aka ce rashin sani ya fi dare duhu.

Da ta duba alamar da ke jikin saƙonta na WhatsApp, da ta huta. Alama guda ɗaya na nufin saƙo ya bar wayarki amma bai isa tasa ba. Alama biyu na nufin ya isa wayarsa. In sun koma shuɗi, ya buɗe, sai dai akwai masu kashe wannan shuɗin. Saboda haka in kin ga alama ɗaya ta kwana, mafi rinjaye wayarsa a kashe take, ko ba rezo, ko forfe ya ƙare. Ban ce duk maza waliyyai ba ne, kar ku ce na zama lauyarsu. Akwai mai laɓewa bayan rezo ya yi abin da ya ga dama. Amma kafin ki yanke hukunci ki tabbatar, domin zato zunubi ne.

Mu zo kan lissafi, nan ne kuɗi ke zurarewa. A Nijeriya mun saba ganin MB da GB. A ƙasashen Faransanci za ki ga Mo da Go. Kada ki ruɗe, abu ɗaya ne. Abin da Ingilishi ke kira bayit, Faransanci na kiransa octet, ana faɗinta okte. Don haka 500 Mo daidai yake da 500 MB, 1 Go kuma wajen 1000 Mo ne. Wani abin lura, su da waƙafi suke raba lamba, ba da ɗigo ba. In kin ga 1,5 Go, giga ɗaya da rabi ake nufi, ba goma sha biyar ba.

Shi kuwa debi, da Mbit/s ake auna shi, wato megabit nawa ke wucewa a cikin daƙiƙa guda. A nan mutane ke shan ruɗu, domin bit daban, okte daban. Bit 8 ne ke yin okte 1. Ga misali. Bidiyon kamun amarya mai nauyin 40 Mo kike son tura wa Yayarki. Ki ninka 40 sau 8, ya ba ki 320. In debinki na turawa 1 Mbit/s ne, bidiyon zai ci daƙiƙa 320, wato minti 5 da daƙiƙa 20. In 8 Mbit/s ne, daƙiƙa 40 kacal ya tafi. Amma ki lura, ko ya yi sauri ko ya yi nawa, 40 Mo ɗin nan dai ita za a cire a forfenki. Sauri lokaci yake rage miki, ba kuɗi ba.

Na ce debi na turawa, domin iri biyu ne. Akwai débit descendant, debi desandan, mai saukowa, shi ke aiki in kina kallo ko kina sauke abu. Sauke abu kuwa shi ne télécharger, telesharje. Akwai kuma débit montant, debi montan, mai hawa, shi ke aiki in ke ce ke turawa. Galibi mai hawa ya fi rauni. Shi ya sa a kiran bidiyo za ki ji kina ganin sa tar, shi kuma yana cewa fuskarki ta daskare. Ba ƙarya yake ba. In kina son tambaya sai ki ce, quel est le débit? Kel e le debi? Wato nawa ne saurin? Akwai manhajoji na kyauta irin su Speedtest da ke nuna lambobin biyu a cikin ƙasa da minti guda, sai dai gwajin kansa yana cin data, kada a mai da shi wasa.

Ki kuma riƙa kallon ɗan harafin da ke kusa da sandunan rezo. In E ne, wannan tsohon tsarin 2G ne, da ƙyar zai kai rubutu. 3G ko H zai ja saƙon murya da hoto. 4G shi ne na kiran bidiyo. 5G ya shigo Nijeriya a 2022, amma a manyan birane ya fara. Da Faransanci harafin G je ake ce masa, don haka 2G de je, 3G turwa je, 4G katir je. In mijin Yayata ya ce, "Yau katir je gare mu," sai mu yi maza mu kira Inna a haɗa ta da jikokinta.

Me ke sa debi ya faɗi alhali rezo a cike? Ƙarfen sabis ɗin nan da kike gani a gefen gari, duk masu waya a kewayensa raba ƙarfinsa suke yi, kamar layin ɗiban ruwa a rijiyar burtsatse. Bayan sallar isha'i kowa ya gama hidima ya ɗauki waya, sai rabon kowa ya ragu. Da asuba kuwa hanya fayau. Nisa da ƙarfen ma na rage shi, haka kaurin bango da rufin kwano, shi ya sa ƙauyukan da ke cikin daji suka fi mu shan wuya. Wani lokaci kuma matsalar daga teku take. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku, MainOne da WACS da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka wayi gari intanet na rarrafe, har bankuna suka ji a jikinsu. Nijar kuwa ba ta da teku, ta cikin maƙwabta irin su Binin ake ja mata waya. To ranar irin wannan wa za ki zarga?

Amaryar da za a kai can, ga naki na musamman. In za ki sayi forfe ki karanta wa'adinsa. Jour, jur, na yini ne. Semaine, sumen, na mako. Mois, muwa, na wata. Nuit, nuwi, na dare, ya fi arha amma da dare kaɗai yake aiki. Crédit, kiredi, shi ne kuɗin kira. Solde, sold, shi ne abin da ya rage miki. In kin ga expire, ranar mutuwarsa ake gaya miki, kuma agogonsu na awa 24 ne, 23h59 na nufin saura minti ɗaya sha biyun dare. Lokacinmu da nasu ɗaya ne, ba sai kin ƙara ko kin rage ba. A wajen kuɗi kuma ki kula, in mai shago ya ce jika ɗaya, sefa 1000 yake nufi.

Sai ladabi, wanda shi ne adon 'ya mace. Kamar yadda ba za ki ce wa surukarki ke ba, sai dai ku, haka Faransanci yake. Tu na tsara ne da miji da ƙawa, vous na manya ne da baƙo. In da Hajiya kike waya, ko da ma'aikacin kamfani, ba je ne t'entends pas za ki ce ba, sai je ne vous entends pas bien. Ki kuma fara da bonjour, ki rufe da merci. Amma shawarata, in da surukai ne ki yi Hausarki tsantsa, ki ce, "Hajiya ku yi haƙuri, rezo ne ke katsewa, zan sake kira." Kalma ɗaya kika ara, ta kuma fahimce ki sarai.

Kada kowa ta ce girma ya hana ta. Tun 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ce Faransanci ya zama harshen hukuma na biyu a Nijeriya, an kuma kafa ƙauyen koyon Faransanci a Badagiri tun 1991, ga cibiyoyin Alliance Française a Kano da Kaduna ga mai hali da sha'awar zurfafawa. Da yawanmu mun taɓa shi a ƙaramar sakandare muka watsar, don ba mu ga ranarsa ba. To ga ranarsa ta zo har cikin ɗaki. Ni yadda na koya, littafin rubutu ɗan ƙarami na samu, kullum kalma biyu, in rubuta yadda take da yadda ake faɗinta, in tura wa Yayata saƙon murya ta gyara mini. Cikin mako biyu na haddace duk abin da na kawo muku yau.

Shawara ta ƙarshe ga masu miji ko masoyi a nesa. Ku tsayar da lokacin waya, ya fi kyau da sassafe. In debi ya yi rauni ku bar bidiyo ku koma kiran murya, in shi ma yana katsewa ku koma saƙon murya ko rubutu. Magana mai nauyi, irin ta rashin lafiya ko kuɗin cefane, kada a dogara da WhatsApp kaɗai, a haɗa da ɗan gajeren saƙon tes, domin shi ba ya bukatar data, ko a 2G yana tafiya. Maigida kuma in za ka shiga hanyar da ba rezo, don Allah ka faɗa mata tun kafin ka tashi, ka bar mata lambar wani amintacce a gari mafi kusa. Wannan ɗan tanadi ya fi dogon ban haƙuri daga baya.

Ga aikin gida. Kowace ta rubuto mini ma'anar wannan jimla da Hausa: Mon forfait est épuisé, rappelle-moi demain matin. Kalmomi biyu ne kawai ban kawo ba a ciki, ku tambaya, matambayi ba ya ɓata. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, ku kuma ku aiko mana da kalmomin wayar da kuke amfani da su waɗanda ban ambata ba, mu ƙaru da juna.

Allah ya zaunar da mu lafiya a gidajenmu, ya kawo mana dawwamammen zaman lafiya a Birnin Gwari da ƙasa baki ɗaya, ya dawo da matafiya gida lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Taku har kullum, daga Magajin Gari, Birnin Gwari.